Ƙwallo Mai Ɗingishi

Ku da kuke kawo mini ƙwallo idan ta yage, ku tsaya a kaina kuna karkaɗa ƙafa kuna cewa, "Baba Garba, ɗumki biyu ne kawai, yi maza za mu hili," yau ku nake so ku zauna. Ko basilla ba ku taɓa riƙewa ba, amma kun iya ƙirga mini ɗinki. Ƙwallon da kuke bugawa yanzu inji ne ya yi ta, ta zo muku cikin leda, kun ɗauka haka take faɗowa daga sama da zagayenta. Ni na san lokacin da ƙwallo ɗaya ce tak a duk faɗin Gaya, kuma idan ta fashe sai gari ya jira ni.

A rumfar kawuna Nomau na koyi dukanci. Ƙanin mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya ciyar da ni, kuma shi ya yi mini aure daga baya. Mutum ne mai hannu, amma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Shekara uku na yi a gabansa bai bar ni na yanka fata ba. Aikina ɗauko fata daga wurin majema, murza zare a cinya, goga masa kakin zuma, da wasa wuƙa a dutse. Ranar da ya fara ba ni guga in ɗinka, da na gama sai ya cika ta da ruwa ya rataye a kaina, ya ce in zauna a ƙarƙashi. Na jiƙe sharkaf. Sai ya miƙo mini wata fatar.

Masu kawo mana aiki kuwa kowa da lokacinsa. Sarkawa masunta suna son kube na wuƙaƙensu. Fulani suna son takalma da zabira, su yi ta juya abu a hannu har rana ta karkata. Manoman Tanda da Bengou sai ranar kasuwa, da tsofaffin gugarsu. Idan aka gama kaka sai 'yan kokawa su cika rumfar, a yi musu walki, a yi guru, a yi kambu. Ɗan kokawa ba ya shiga fage da jiki tsirara, sai da layarsa. Zai kawo takardar a naɗe daga wurin malaminsa, baduku ya rufe ta da fata, ba ya buɗewa, ba ya tambaya. Wannan ita ce doka ta farko da Kawu ya koya mini, kuma a wurinsa aikin da ya fi kowane daraja ke nan.

Ƙwallo ta shigo rumfarmu ne shekarar da aka ba mu mulkin kai. Akwai wani malamin lekol, wato makarantar boko, mutumin Dahome, ƙasar da kuke ce wa Benin yanzu. Mushe Antuwan muke ce masa. Dogo ne siriri, kullum da farar riga, Hausarsa ta kasuwa ce amma ba ya jin kunyar yin ta. Ya zo da wani abu a hammata kamar tsohuwar salka, ya ajiye gaban Kawu.

Kawu ya juya abin da ɗan yatsa ya ce, "Wanga fa, mine ne?"

"Balo ne, Baba. Yara suna bugawa da ƙafa. Ya yage, ina so a gyara."

"Da ƙahwa? Hwata mai kyau haka, a sa ma ta ƙahwa? Mushe, ni ba ni ɗumkin abin da za a shura. Ba Garba, shi ka da lokacin wasa."

Haka ƙwallo ta zama rabona, don an raina ta.

Aikin farko na ɓata shi, kuma gara ku ji yadda na yi. Na warware ɗinkin gaba ɗaya don in ga yadda aka haɗa ta, ban sa wa ƙyallayen alama ba. Guda goma sha biyu ne, kowane da maƙwabcinsa. Da na zo mayarwa sai na rasa wa ke bin wa. Na kwana uku ina jerawa a tabarma. Da na samu jerin, sai na ɗinka ta waje, yadda ake yi wa takalmi. Mushe ya zo ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yaran za su gama da zaren kafin la'asar. Shi ya nuna mini cewa a juye ake ɗinka ƙwallo, cikinta a waje, sannan a jiƙa ta a fito da ita ta bakin, wato 'yar tsagar da ake sa robar iska. Tsagar nan ba ta fi tsawon yatsa ba. Ku gwada fito da fatar sa gaba ɗaya ta ƙofar da ba ta fi yatsa ba, sannan ku zo mu yi maganar ɗinki biyu.

Ta biyu kuma ni na yanka ta daga sabuwar fata, don tsohuwar ta gaji. Na ɗebi ƙyalle inda wuƙa ta faɗa, wani daga gadon baya, wani daga ciki. Fatar ciki tana miƙewa, ta baya ba ta yi. Da aka hura da famfon keke sai ta fito kamar kabewa, gefe ɗaya ya kumbura. Yaran lekol suka yi mata waƙa. Daga nan na koyi jiƙa fata in kafe ta da turaku a rana har ta gama miƙewarta, in yanka daga baya kaɗai, in huda ramukan da basilla tun kafin ɗinki, kowane gefe adadinsa daidai da na ɗan'uwansa. Allura biyu ake sawa, suna gilma juna a rami ɗaya, a ja har zaren ya nutse. A ƙarshe a sa robar, a hura, a ɗaure wuyanta, a tura ƙarƙashin wani ɗan harshe na fata, a rufe bakin da tsirkiya. Idan an shafa man kaɗe, kaɗan ake sawa, in ba haka ba ta yi nauyi ta kwashi yashi.

Abin da ƙwallon nan ta yi a garin nan, da idona na gani. Da farko 'yan lekol ne kaɗai. Mushe ya sa aka share wani fili tsakanin gari da kogi, aka kafa azara biyu ta nan, biyu ta can. Sannu a hankali 'ya'yan masunta suka fara tsayawa kallo idan sun fito daga ruwa, sai 'ya'yan mahauta, sai samarin ƙauye da suka kawo kaya kasuwa. Mushe ba ya tambayar ɗan wane ne, ƙafa yake dubawa. Kokawa wasanmu ce ta gado, ina son ta har gobe, amma sai bayan kaka ake yin ta, kuma mutum biyu ne a fage, saura kallo. Ƙwallo kullum ce, kuma tana cin mutum ashirin da biyu. Yaron da ke jin Dendi kaɗai da wanda ke jin Fillanci sai ga su suna kiran juna da hannu. Ana farawa bayan la'asar, ba hutu, ba komai, sai ladan ya kira magariba a watse.

A cikin waɗanda ƙwallo ta kama har da Hamani, ɗan wani basarke masunci. Ƙato ne, hannunsa kamar faranti, kuma ba a yin kasuwa biyu bai yi dambe ba. Mahaifinsa ya gaji da zuwa ba da haƙuri. Mushe ya kalle shi ya ce, "Kai, hannun nan ya yi yawa a kan mutane. Zo ka tsaya tsakanin azara." Ya zama mai tsaron gida. Tun daga ranar, wanda yake son ganin Hamani da la'asar ya san inda zai same shi, kuma haƙoran mutane suka huta.

Sai muguwar shekara ta zo. Gwamnatinmu da ta Dahome suka saɓa a kan wani tsibiri da ke cikin kogi. Mu dai mun tashi mun ga an rufe gadar da ta haɗa mu da su, an ce mutanen Dahome da ke aiki a ƙasarmu su koma gida. Mushe Antuwan yana ciki. Ranar da zai tafi ya biyo ta rumfa da akwatinsa, ya ajiye mini ƙwallon da famfon, ya ce, "Garba, kar ka bari ta mutu." Na ce masa to.

Kasuwa ta mutu. Rabin masu sayen takalmanmu daga tsallake suke zuwa, daga Malanville da ƙauyukanta. Muka koma facin tsofaffin guga. Robar iska kuma ta can ake kawo ta. Da ta ƙwallon ta fashe, babu wata. Na je wurin mahauta na karɓi mafitsarar sa, na wanke, na busar, na sa a ciki. Kwana biyu ta yi, kuma karnukan gari suka fi yara son ta. Na yanka robar cikin tayar mota na liƙa, ta yi mako ta buɗe. Na cusa tsumma da audugar rimi, yara suka buga sau biyu suka ce wannan matashin kai ne. Filin ya koma wurin kiwon awaki.

Samarin da suka saba zuba ƙarfinsu a fili sai suka rasa inda za su kai shi. Suka koma bakin kogi suna zagin na tsallake, na tsallake suna ramawa. Alhali mutanen nan ɗaya ne, harshe ɗaya, wani kakarsa tana can, wani ƙanwarsa ce ke aure a can. Wata rana jirage biyu suka haɗu a tsakiyar ruwa a kan raga, Hamani ya ɗaga filafilin tuƙa jirgi ya fasa wa wani saurayin tsallake kai. Jandarmomi suka riƙe shi kwanaki. Na je gaishe da mahaifinsa, tsohon ya ce mini, "Garba, da balon nan na nan, da ɗana bai je ruwa da la'asar ba."

Da manya suka shirya aka buɗe gada, sai ga wasiƙa daga Mushe. Ashe bai yi nisa ba, a Malanville aka ba shi aji, kuma ya tara samari a can. Yana so su zo Gaya a buga. Kumandan, mai mulkin yankinmu, ya daɗe bai amsa ba, don ya san akwai jini a tsakani, kuma saurayin da aka fasa wa kai yana cikin masu zuwa. Daga baya ya yarda da sharaɗi ɗaya: idan aka jefa ko tsakuwa ɗaya, ya hana ƙwallo a Gaya, ya sa a nome filin. Aka yarda Mushe ya zama alƙalin wasa, tunda shi ya koya wa kowa. Aka yarda baƙi su tsaya ta gefen kogi, kusa da gidansu. Saura ƙwallo. Na tsallake suka ce ba su yarda da ta Gaya ba, namu suka ce ba su yarda da tasu ba. Mushe ya aiko da sabuwar roba ta hannun wani mai jirgi, da saƙo cewa Garba ya ɗinka, shi ya tsaya masa. Da wannan maganar tasa kowa ya yarda.

Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba. Na zaɓi fatar wani bijimi, na kafe ta kwana huɗu, na ƙirga ramukan sau biyu. Da na juya ta na hura, na gangara ta a ƙasa, ta tafi sumul ba ta waiwaya ba.

Saura kwana biyu, da hantsi, Kawu ya zo ya zauna kusa da ni. Mutumin da bai taɓa taka filin nan ba, yanzu da ya ji an ce gari da gari ne, abin ya zama nasa. Ya zaro wata laya daga aljihu, ya riga ya rufe ta da jar fata da hannunsa, kaurinta kamar babban yatsa.

"Buɗe bakin balon ga ka sa wagga."

Na ce, "Kawu, a ɗaura wa yaran a damtse mana, kamar na 'yan kokawa."

"Yaran ka shiga tsakanin azara, ko balon? Abin da ka shiga, shi a ka ɗaure ma. Na tahi wurin malam na hwaɗa mishi komi. Baƙi na gehen kogi, mu muna turawa can. To an rubuta mishi ya bi kogi, awa ɗan maraƙi ya bi uwa tai."

"Kawu, Mushe ne ya tsaya mini. Balon nan ba namu ba ne mu kaɗai, amana ce."

Ya sha toka. Ya ce, "Mushe ya ciyar da kai? Shekara nawa kana ruhe layun mutane ba ka tambaya ba, sai tawa? Za a zo har gida a kada mu, kana zamne da basilla a hannu?"

Ku na yanzu za ku ce me ya hana ni cewa a'a. A zamaninmu ba a ce wa wanda ya rene ka a'a a fuskarsa. Kuma kar in yi muku ƙarya, ni ma ina son Gaya ta ci. Na kwance tsirkiya, na ɗinke layar a ƙarƙashin harshen, na rufe. Da na sake gangara ta sai na ga tana ɗan gyaɗa kai duk zagaye ɗaya, kamar tunkiya mai ciwon ƙafa. Na san na ɓata aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata, kuma na yi shiru.

Ranar wasa Gaya ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba in ba sallah ba. Mutanen tsallake suka zo, wasu ta gada, wasu a jirage. An zo daga Tanda, an zo daga Bengou, har daga Zabori an zo a kan jakuna. Kumandan yana kan kujera, jandarmomi suna zagaye da kulake. Kawu ya shimfiɗa tabarma a gaba gaba. Mushe ya hango ni, ya zo ya rungume ni, ya karɓi ƙwallon daga hannuna bai ko juya ta ba, ya kai ta tsakiyar fili. Na so ƙasa ta buɗe.

Aka fara. Ƙwallon tana ɗingishinta, amma filin ba sumul ba ne, kowa ya ɗauka ƙasa ce. Can wani yaronmu ya sheƙa ta daga nesa. Mai tsaron gidan baƙi ya tsaya daidai inda ya kamata, ya buɗe hannu, sai ta karkace a iska ta wuce ta gefen kunnensa. Gari ya ɗauki ihu. Kawu ya waiwayo ya kalle ni yana shafa gemu. Ni kaɗai na san nauyin gefe ɗaya ne ya karkatar da ita.

Sai Mushe ya busa usur ya ce a huta. Wannan ma baƙon abu ne a wurinmu. Aka sha ruwa. Da aka dawo sai ya yi nuni da hannu, samarin Gaya suka nufi gefen kogi, baƙi suka nufi gefen gari. Ashe haka dokar take idan wasa na gaske ne, ana musayar gida a rabi. 'Yan lekol sun san haka a littafi. Mu da muka saba ganin ana yi daga la'asar zuwa magariba a gefe ɗaya, ba wanda ya taɓa gaya mana.

Kawu ya yi zumbur ya miƙe, hularsa ta faɗi.

"Kai! Kai! Ina za su? Mushe, mai da su inda suke! Kogi anka rubuta ma balon ga, ba gari ba! Yanzu gidanmu za shi shiga!"

Mutanen tsallake suna jin Hausa sarai, da ita suke ciniki. Na ga fuskoki suna canzawa. Saurayin nan mai tabo a ka ya tako gaba, abokansa suna bin sa. Wasu a bayan taro suka fara duban ƙasa, kuma na san abin da suke nema. Kumandan ya miƙe daga kujera.

Ana cikin haka sai wata mai sayar da ƙosai ta fashe da dariya tana nuna gefen kogi. Kowa ya juya. Wani tsoho ne daga tsallake, Baba Gado, shugaban masuntansu, ya durƙusa a gindin azara yana tona ƙasa da hannu biyu kamar mai haƙar gyaɗa, yana faɗa da Dendi. Hamani, wanda ya zo karɓar gidan, yana tsaye a kansa baki buɗe. Tsohon ya zaro wani ƙahon akuya da aka toshe bakinsa, ya rungume, ya kama hanyar ɗaya gefen da sauri. Ashe tun da safe da jirginsu ya iso ya binne shi don ya tsare musu gida. Shi ma ba a gaya masa ana musaya ba, kuma ba zai bar ƙahonsa ya yi wa Gaya gadi ba.

A tsakiyar fili suka yi kiciɓis da Kawu. Tsofaffin biyu suka tsaya suna kallon juna, ɗaya ba hula, ɗaya da ƙaho a ƙirji. Baba Gado ya ce, "Nomau, kai ma?" Kawu ya ce, "Yo kai fa? Kuma naka ko aiki bai yi ba." Ashe Kawu ne ma ya yi wa tsohon kuben wuƙarsa shekarun baya. Dariya ta ɓarke ta ko'ina, ta Gaya da ta tsallake ba a bambancewa. Waɗanda suka sunkuya suka miƙe hannu wofi. Kumandan ya koma ya zauna yana goge ido.

Amma dariyar ba ta wanke ni ba. Ƙaho a gindin azara, mutum ya yi wa gidansa ne. Ƙwallo kuwa ta kowa ce, kuma da sunan wani aka karɓe ta daga hannuna. Mushe bai yi dariya ba. Ya ɗauki ƙwallon, ya danna babban yatsa a bakinta, ya ji ƙullin. Ya ɗaga kai ya ce, "Garba."

Tafiyar nan daga bakin fili zuwa tsakiya, ban taɓa yin mai tsawonta ba. Na zauna a ƙasa gaban garuruwa biyu, na ciro basilla daga zabira, na kwance tsirkiya, na sace iskar, na farke ɗinkin da na yi. Na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni na sa. Mushe bai sani ba, yaran ma ba su sani ba." Na je na durƙusa na miƙa wa Kawu layarsa da hannu biyu. Ya karɓa ya sa a aljihu, bai kalle ni ba.

Sai ga Hamani ya taho daga gidansa. Mutane suka ja numfashi, don kai tsaye ya nufi saurayin mai tabo. Ya tsaya a gabansa ya ce, "Cin da munka yi ba namu ba ne, a share shi. A koma babu da babu." Wasu daga cikin namu suka fara gunaguni, ya juya ya kalle su sau ɗaya, suka haɗiye. Saurayin ya daɗe yana kallon hannun da Hamani ya miƙa masa, hannun da ya fasa masa kai, sannan ya kama.

Saura ni da Mushe. Na ɗauki fatar, na buɗe bakinta da yatsu biyu, na miƙa masa. Na ce, "Mushe, sa hannu ka duba da kanka, ko da saura."

Ya kalli ƙwallon, ya kalle ni. Sai ya mayar da hannayensa biyu baya.

"Akwai saura?"

"Babu."

"To rufe. Yara suna jira."

Da ya mare ni a gaban taron nan da ya fi mini sauƙi. Na sa robar, aka miƙo famfo, na hura, na ɗaure. Har sau biyu tsirkiya tana kuɓuce mini, kuma ba wanda ya ce in yi sauri. Da na gama na gangara masa ita, ta tafi sumul har ƙafarsa. Ya busa usur.

An tashi ɗaya da ɗaya. Ba a jefa ko tsakuwa ba, ba a nome filin ba, shi ne wanda kuke bugawa a kai har yau. Bayan wata biyu namu suka tsallaka suka rama ziyara, daga nan abin ya zama na kowace shekara. Kawu ya yi kwana bakwai bai yi mini magana ba, a na takwas ya ce in nuna masa yadda ake gilma allura biyu.

Na ci gaba da rufe layun 'yan kokawa, ban buɗe ba, ban tambaya ba, don jikinsu ne. Amma tun daga ranar nan, duk ƙwallon da ta fita daga rumfata, iska ce kaɗai a cikinta.